Kowa Ya San Sunan Dokinsa

Shekarar da Yaya Sale ya fara bin motar auduga zuwa Funtua, saura kaɗan mu rasa tatsuniya a gidanmu. Kafin nan, in sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i mukan taru a ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, mu kewaye kaskon wutarta. Tana tura mana rogo cikin toka, tana make hannun duk wanda ya miƙa kafin ta ce ya nuna. Ƙauyenmu ƙarami ne, tsakanin Dayi da Malumfashi. Manoma ne mu, amma kusan kowane gida akwai turken shanu a bayansa, don asalinmu masu shanu ne da suka zauna suka riƙi fartanya.

To, sai Yaya Sale ya shiga silima a Funtua ya ga fim ɗin kaboyi, ya dawo mana kamar an canja masa kai. Ya naɗe gefen malafar Baba, ya ɗaura igiya a ƙugu, yana tafiya a tale kamar mai maruru. Kullum da dare shi ke ƙwace hira. Ya tsaya tsakar ɗaki da karan dawa a hannu yana nuna mana yadda mutum guda kan sukwano a kan doki, ya harbe ɓarayi, ya koro shanu gida, gari ya fito yana yi masa tafi. Mu kuwa baki buɗe, har rogon ya ƙone ba mu sani ba. Iya ta haƙura masa ya yi kwanakinsa. Ran da haƙurin ya ƙare, sai ta ajiye tsinken da take tona wuta.

Ta ce, "Angona, su mutanen nan naka, makiyaya ka ce ko?"

Ya ce, "Makiyaya ne, Iya, na ƙasar Turawa. Ba ki ga shanu ba."

"To wa ke tatsa?"

Ya ce ba a nuna wurin ba.

"Wa ke cire musu kaska? In saniya ta zo haihuwa ɗan ya juye, wa ke sa hannu?"

"Haba Iya, ai ba a nuna wannan. Harbi ake nunawa."

Ta ce, "Na san za a yi haka. Zauna. Mu ma nan garin mun taɓa yin namu mai dokin, kuma har yau ba mu warke ba."

Duk mun gane wa take nufi. Ba yaron da ya tashi a garinmu bai san Jaɓɓo ba, makiyayin nan na zamanin da, mai baƙin doki da ake kira Hadari. 'Yan mata kan rera waƙarsa a dandali:

Jaɓɓo na bisa Hadari,
ƙaho ya gan ka ya sunkuya,
nonon garinmu naka ne.

Abin da ba mu sani ba shi ne dalilin da ya sa Iya ba ta yarda a rera ta a ɗakinta. Akwai kuma wata kalma da take tsana. A garinmu in yarinya ta cika kwashe-kwashen zance, sai a ce mata, "Ke Rariya ce?" Ni na sha wannan suna har na gaji, don Allah ya yi ni da kunne, ba na wuce mata biyu suna magana ban rage tafiya ba. Duk ran da wani ya kira ni haka a gaban Iya, sai ta ɗaure fuska ta ce a fita mata daga ɗaki.

A daren nan ta ce mana, "Ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Wannan ba zuwa za ta yi ba, nan aka haife ta. Rariyar da kuke ji ana zagin yara da ita, mutum ce. Kakata ce, ita ta haifi ubana."

Abin ya faru tun kafin zuwan Turawa. Kakar Iya mai kitso ce, kuma tana tallan nono kasuwa-kasuwa, daga Dayi har Musawa, wani lokaci ta kai Matazu. Duk matar da ta ɗora kai a cinyar mai kitso, bakinta kan saki, wannan kowa ya sani. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta ɗaukar zance daga baki ɗaya ta ruga da shi. Takan ajiye, ta jira na biyu. In ta ji abu a Musawa, sai ta je Dayi ta faɗe shi a karkace da gangan, don wadda ta san gaskiyar ta kasa haƙuri ta gyara mata. Iya ta ce, "Mace ba ta iya jin an ɓata labarin da ta sani ta yi shiru. Kakata da wannan take kama gaskiya."

Wata kaka, bayan an gama yankan dawa, sai ta fara jin ƙananan maganganu da ba su yi mata daɗi ba. Matar wani majemi a Musawa ta yi ƙorafi a wajen kitso, wai mijinta ya cika gida da fatun shanu har ba wajen shanya, ana kawo masa su daga arewa kamar kyauta. Ta ajiye wannan. A wata kasuwar, wata mai fura ta ce abin mamaki, ta ga matan rugagen wajen Matazu suna sayen man shanu. Matar makiyayi ta sayi mai, maimakon ta sayar? Ta ajiye wannan ma. Sai wata tsohuwa da ta dawo biki ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ungulu sun yi ƙiba irin na bana ba, har tashi ke yi musu wuya. Kowacce hira take yi, ba wadda ta ce ga abin da ke faruwa, don ba wadda ta ga fiye da gefenta.

Ana haka Jaɓɓo ya iso daga arewa da garkensa. A zamanin, in an kwashe amfanin gona, manoma rige-rige suke yi su jawo makiyayi ya sauka a gonarsu don taki. Har damin dawa ake kai masa, a yi masa fura, a roƙe shi ya daɗe. Jaɓɓo kuwa sunansa ya riga shi zuwa: kyakkyawa, dogo, ga doki, ga takobi, an ce bai taɓa motsa ido ba a wajen sharo. Maigari da kansa ya fita ya tarye shi, ya ba shi gonarsa ta bakin tafki, tafkin da shanun gari duka ke sha. Maza suna ta murna wai sun ƙwace shi daga mutanen Dayi.

Akwai kuma al'adar da ta rufe bakin kowa. Ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, ba a tambayarsa ko ya yi asara, balle baƙo. Shi ma ba ya faɗa, ko zai mutu, don kunya ce namiji ya ce dukiyarsa na zubewa. Saboda haka ba wanda ya ce masa, "Me ya taso ka da wuri haka, ciyawa ba ta ƙare a arewa ba?"

Matar Jaɓɓo ta aiko a zo a yi mata kitso. Kakar Iya ta je rugar. Tana kwance kan, ta ji gashin a bushe ƙamas, ba alamar ya ga mai tun da daɗewa. Ta ɗaga ido ta ga dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere, wuyoyinta da yawa a kwance ba komai a ciki. Ba ta yi tambaya ba. Sai ta yi abin da ta saba, ta ce a karkace, "An ce mana bana kura ta dame ku a arewa, ta kwashe muku maruƙa."

Can sai mai kitso ta ji cinyarta na jiƙewa da hawaye. Matar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ina ma kura ce, Inna. Kura ai ƙoshi take yi." Ta faɗa mata yadda abin yake: saniya ta fara hawaye, ta yi ta dalalar yawu, bakinta ya yi gyambo, zawo ya biyo, sai ta kwanta. In ya shiga garke ba ya fita. Sun baro rabin nasu a hanya, gudu suke yi da sauran.

Iya ta tsaya a nan ta ce, "Ku lura, ban ce Jaɓɓo mugu ba ne. Mutum ne da wuta ta biyo, ya ɗauki abin da ya saura ya ruga, kunya ta ɗinke mishi baki. Haushina ba nashi ba ne. Haushina na mutanen garin nan ne."

Kakar tata ta ƙarasa kitson nan, ta dawo gida ta gaya wa mijinta. Ya ce ta rufa masa asiri, zancen wajen kitso ba shi ake kai wa maza ba. Ta ce to a hana shanun gari shan tafki tukuna, a ja musu ruwan rijiya, ko na 'yan kwanaki ne. Ya ce in an yi haka ai an ce wa baƙon Maigari ƙazami ke nan. Da ta ga rana na yi, ana shirin kora shanu tafki, sai ta yafa zanenta ta tafi ƙofar zauren Maigari, inda mace ba ta tsayawa. Ta durƙusa daga waje ta faɗi duk abin da ta tara, fatu da man shanu da ungulu da dangwali. Abu ɗaya ta ɓoye, ba ta ce matar Jaɓɓo ce ta faɗa mata ba, don ta san abin da zai sami matar.

Maigari ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ji na yi."

Zaure ya kwashe da dariya. Wani ya ce wannan ai rariya ce, duk abin da aka zuba mata sai ya zube. Nan sunan ya kama ta.

Magana ta kai kunnen Jaɓɓo. Bai ce ƙarya ne ba, bai ce gaskiya ne ba. Da la'asar sai ya hau Hadari, ya sa aka saki babban bijiminsa a fili gaban jama'a, ya bi shi a sukwane, ya diro ya kama ƙaho ya murɗe shi har ƙasa. Gari ya ɗauki sowa, mata suna guɗa, a ranar aka fara waƙar nan. Maza suka ce, "Wannan ne mai ciwon? Bijimin da sai da namiji ya kayar?" Ku ji fa. An ce musu shanu na mutuwa, an nuna musu mutum ya iya hawan doki, sai suka ɗauka an ba su amsa.

Kashegari aka sa kakar Iya ta dama fura, ta ɗauka a kai har ruga, ta durƙusa gaban Jaɓɓo a idon mutane ta nemi gafarar ɓata masa suna. Ta durƙusa kuwa. Mijinta ya ce in ta ƙara buɗe baki a kan zancen nan, ta wuce gidan ubanta.

Ba ta ƙara buɗe baki ba. Tana da saniyarta ta gado da maraƙinta namiji, waɗanda Allah ya sa ba a kai tafki ba tun saukar baƙi, don saniyar na ɗingishi. Da asuba ta kwance su ta kama hanyar duwatsun da ke yamma da gari, inda wani kawunta ke zaune shi kaɗai kusa da wata 'yar ƙorama da ba kowa ke zuwa ba. Wasu mata ƙalilan, waɗanda suka san ba ta taɓa kawo musu zancen banza ba, suka fake da cewa karsanoninsu ba su da lafiyar ƙafa, suka tura mata su a ɓoye. Mijinta ya aika mata cewa tunda ta zaɓi saniya, ta zauna da saniya. Ta yi rani guda cikin duwatsun nan. Ko ɗanta, uban Iya, in ya kawo mata hatsi, daga nesa take tsayar da shi ta ce ya ajiye ya koma, kada ya tako mata da ƙafar da ta taka garke.

Ba a daɗe ba bijimin da aka kayar a fili ya fara hawaye. Daga shi sai na Maigari, sai gida-gida. Iya ta ce ubanta ya gaya mata wari ya hana mutane cin tuwo, aka daina fiɗa don ba mai ɗaukar nama. Dattawa suka riƙa zama a bakin turke suna kallon igiya. Wasu suka zauce. Ciwon nan shi ne wanda daga baya aka sa wa suna Sannu, don mutum in ya gamu da ɗan'uwansa ba abin da ke fita daga bakinsa sai sannu. Jaɓɓo ya wayi gari ba shi da ko ƙaho ɗaya, ya ɗora matarsa a kan Hadari, ya ja linzami a ƙasa suka fita ba wanda ya sake ganinsu.

Da damina ta faɗi, kakar Iya ta sauko daga duwatsu da 'yan shanunta, duk da ransu. Daga su ne garinmu ya sake ganin nono. Maraƙin nan nata shi ya zama uban garke.

Yaya Sale, wanda tun ɗazu ya ajiye karansa, ya ce, "To sai suka ba ta haƙuri ko?"

Iya ta dube shi. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce, "Haƙuri? Cewa suka yi bakinta ne ya kama. Wai ita ta kira ciwon da mugun bakinta, da ba ta faɗa ba da bai zo ba. Suna shan nonon saniyarta suna faɗin haka, angona. Ƙwarya a baki suke faɗi. In sun yarda ta yi gaskiya, sai su yarda su ne suka kai shanunsu tafki da hannunsu. To wa zai yarda? Gara a bar waƙa. Har aka ƙara mata baiti, wai shanun garin nan jinin bijimin Jaɓɓo ne. Bijimin da ungulu suka cinye."

Mijinta ya mai da ita ɗakinta, don gidan da ke da saniya a lokacin ya fi gidan sarauta. Amma har ta mutu, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata kin faɗa.

Wuta ta ja baya, ba wanda ya tuna da rogo. Iya ba ta rufe da ƙurunƙus ba, tsinkenta kawai ta ɗauka tana tona toka. Ni kuwa na ce, "Iya, to mene ne sunanta na gaskiya?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗiyar nan."

Na ɗauka wasa take yi. Ta ce ba wasa ba ne. 'Ya'yanta ba sa faɗin sunanta, don uwa ce. Surukanta mata ba sa faɗi, don kunya. Mijinta bai taɓa kiranta da shi ba, don ita ce matarsa ta fari. Waɗanda ke girmama ta duka sun rufe baki a kan sunan. Waɗanda ba sa girmama ta kuwa sun riga sun sa mata wani. Ta rasu Iya na goye, kuma da Iya ta yi wayon tambaya, duk wanda zai iya faɗi ya bi ta. Iya ta ce, "Sunan dokinsa kowa ya sani. Har launinsa. Ni jikarta ban san sunanta ba."

Yanzu na kai shekarun Iya na wancan lokaci, ko na kusa. Silimar da Yaya Sale ya shiga ta daɗe da rufewa, amma jikokina na kallon irin abin nan a waya, mutum a kan doki ko a kan babur, bindiga a kafaɗa, shanu a bayansa kamar ado. Har yau ba a nuna mai tatsa ba. In an yi zancen makiyayi, ko dai jarumi ne ko ɗan ta'adda, ba mai tambayar matar da ke ɗauke da ƙwarya a kai, wadda ta san wane garke ne ya ragu da dalilin raguwarsa. Kuma a 'yan shekarun nan da hanyoyinmu suka lalace, na lura in namiji zai yi tafiya, yakan zagayo cikin gida ya tambayi matarsa a hankali me aka ce a gidan suna game da hanyar Musawa. Ya ji, ya canja hanya, ya tsira. In ya koma majalisa kuma shi ne zai fara cewa mata ba su da aiki sai gulma. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma ba na ɓoyewa.

Ban ce duk abin da aka faɗa a wajen kitso gaskiya ne ba. Na ga gulmar da ta kashe aure, na ga wadda ta raba zumunci. Amma kakar Iya ba kwasa take yi ta watsa ba. Tarawa take yi, ta gwada wannan da wancan, sai ta tabbata sannan ta yi magana, kuma ranar da ta yi, ta san abin da zai jawo mata. Da namiji ne ya yi haka, da cewa za a yi mai hangen nesa ne, a sa wa jikoki sunansa.

Na nemi sunan. Na tambayi tsofaffi a Dayi, na tambaya a Musawa wajen dangin da suka rage. Duk wanda na tambaya sai ya yi murmushi ya rera mini Jaɓɓo na bisa Hadari.

Bara da azumi na dama fura da nonon shanunmu, jikokin jikokin saniyar nan, na kai wa limamin unguwa sadaka, na ce a yi wa wata kakata addu'a. Ya ɗaga hannu, sannan ya dakata ya ce, "Hajiya, wane suna za a ambata?"

Na buɗe baki, na tarar ba ni da komai a ciki sai zagin da aka yi mata. Shi kuwa ba zan kai shi gaban Allah ba.

Na ce, "Malam, ka ce matar da ta faɗa. Shi ya san ta."